Sanda ta Uku a Maƙerar Baffa

Baffana, yayan mahaifina, maƙerin fari ne. Ba ya taɓa baƙin ƙarfe, ba ruwansa da fartanya ko lauje. Nasa aikin shi ne ya narka tagulla ko jan ƙarfe ko alminiyam, ya zuba a ƙasar zubi da aka yi wa siffar abin, ya fitar da abin da aka ce ya fitar. Maƙerarsa tana cikin wani lungu tsakanin Ƙofar Mazugal da Gwammaja, bango uku da rufin kwano, inda kakanmu ya yi aiki har ya rasu. A zamanin kakanmu munduwa da warwaro da tasa ake zubawa. Ni da na yi wayo aikin ya koma tukwanen biki da ludaya, da ƙananan kayan inji da suka karye aka neme su a kasuwa aka rasa.

Ni ne aka sa a boko a gidanmu, da na je jami'a kuma sai na karanta ilimin ƙarafa. Baffa bai taɓa gane wannan zaɓi ba. Da likita na zama ko lauya, da ya gane. Amma a ɗauke mutum daga gidan maƙera, a yi shekara da shekaru ana saya masa littattafai, don a koya masa ƙarfe? Tun ranar da na gama ya daina kiran sunana, sai "Injiniya", kuma akwai yadda yake jan kalmar da za ka ji kamar ka je ka mayar wa jami'ar da takardarta.

Abin nan ya faru ne bayan sojoji sun koma bariki da 'yan shekaru, farar hula sun shiga zango na biyu. Ina ƙaramin malami a sashenmu, ina neman digiri na uku, domin in babu shi babu ƙarin girma. Wata ranar Litinin Farfesan da ke duba aikina, wanda bai daɗe da dawowa daga wani taro a ƙasar waje ba, ya kira ni ofis ya turo min wasu takardu da aka yi ta hotonsu har rubutun ya dishe.

"Karanta wannan," in ji shi. "Abin da muka koya muku a aji biyu an fara taɓa shi."

Abin da aka koya mana, wanda Baffa ma ya sani ba tare da aji ba, shi ne duk gamin ƙarfe yana da uwa. Ƙarfe ɗaya ne ke da rinjaye, sauran ɗan barbaɗe ne kamar gishiri a miya. In ka cika gauraye, abin zai fito da gautsi, ya fashe kamar kasko. Takardun nan kuwa cewa suke a ɗauki ƙarafa biyar ko fiye, a ba kowanne kaso kusan daidai da na ɗan'uwansa, babu uwa babu 'ya. Wai idan hargitsin ya yi yawa, ƙwayoyin ƙarafan sai su rasa yadda za su ware gida-gida, su haƙura su zauna a jeri ɗaya, manya da ƙanana a cakuɗe. Ƙarfe kuwa in zai lanƙwashe, jerin ƙwayoyinsa ne ke zamewa a kan juna. In jerin ya zama mai tudu da kwari, zamewar sai ta yi wuya, ƙarfen ya ƙara ƙarfi. Sunan da suka ba abin a Turance ma daga wannan yawan hargitsin aka ciro shi. Aikina, in ji Farfesa, shi ne in riƙa ƙara ɗaya daga cikin ƙarafan kaɗan-kaɗan, in ga inda ƙarfi yake hawa, da inda lanƙwasa take ƙarewa gautsi ya fara.

Na ce, "Da wane murhu, Farfesa?"

Ya kawar da kai ya dubi taga.

Tsohon murhun lantarkin sashenmu ya mutu tun ina ɗalibi. Da farar hula suka zo an sayo mana sabo, an yi bikin karɓarsa, wani ɗan majalisa ya zo da 'yan rakiya ya yanka kyalle ya yi jawabi a kan masana'antu. Bayan an watse aka gano cewa murhun ba zai tashi ba sai an kafa masa taransifoma tasa ta kansa. Aka kafa kwamiti. Murhun yana nan a cikin akwatinsa na katako a baranda, masu shara suna ajiye tsintsiya a kai. Na jira wata takwas, cikinsu har da yajin aiki na wata uku, kafin na yarda da abin da na riga na sani tun ranar farko: murhun da nake da shi a duniya ɗaya ne, yana Ƙofar Mazugal.

Gawayi ba zai narka irin ƙarafan da ke cikin takardun Farfesa ba, sai na zaɓi waɗanda zai iya: jan ƙarfe, da nikel, da manganis, da tutiya, su huɗu daidai, sai alminiyam na biyar wanda zan riƙa ƙarawa. Sanda biyar zan zuba, kowacce kamar kaurin babban yatsa, ta farko babu alminiyam ko kaɗan, ta biyar ya kai sauran yawa. Jan ƙarfe na samu daga sabuwar wayar lantarki da na feƙe da hannuna. Nikel kuwa wata biyu na yi ina nemansa, sai a wata masana'anta da ta rufe, inda tsohon mai kula da sito ya tuna akwai ragowar buhu a wani lungu. Komai na auna shi a ma'aunin ɗakin gwaji, na ƙulle a leda, na rubuta lamba a jiki.

Na sami Baffa da hantsi yana kankare wata tukunya. Na durƙusa na gaishe shi, na yi masa bayani dalla-dalla. Ya saurara har na gama, bai ɗago ba.

"To wanne ne uwar?"

"Babu uwa, Baffa. Duk daidai suke."

"Gida babu babba kenan."

"Haka binciken yake."

"Injiniya, shekara nawa ka yi a makarantar nan?" Ya buɗe ledar manganis ya shinshina, ya murza tsakanin yatsunsa. "Wannan ba zai gudu ba. Zai yi kauri kamar kunun da ya kwana. Wannan kuma," ya ɗaga tutiyar, "in ka sa shi da wuri hayaƙi zai zama, ya bar maka ledar."

Na ce na sani, na yi lissafinsa. Na kuma roƙe shi abu ɗaya, na maimaita har sau uku: kada a ƙara komai, kada a rage komai. Abin da ke cikin leda shi kaɗai zai shiga wuta.

"Ƙarfenka ne," ya ce. "Ni nawa wuta."

Baffa ba ya amfani da zuga-zugin fata. Ƙafar keke ce da ake juyawa da hannu, tana kaɗa fanka, iska na bi ta bututu zuwa ƙarƙashin gawayi. Ni ne mai juyawa, domin abokin aikinsa ya tafi ƙauye duba gonarsa. Sanda ɗaya muke zubawa a rana, saboda nikel ba ya saurin narkewa, sai an jira shi ya narke a cikin jan ƙarfen kamar sukari a ruwan sanyi. Ranar farko tutiyar ta yi abin da Baffa ya faɗa. Ina jefa ta wani farin hayaƙi ya turnuƙe rumfar, muka fito muna tari, mai shagon ɗinkin da ke kusa ya leƙo yana tambaya ko gobara ce. Baffa ya daka gawayi ya rufe saman narkin da garinsa, ya nuna min yadda ake danna tutiyar ƙasa a ƙarshe, sannan muka sake daga farko. Da gori ya yi min, da ya fi min sauƙi.

Rana ta uku ce ta jawo duk abin da ya biyo baya. A lokacin wayar hannu ba ta daɗe da zuwa ba, kuma a lungunmu babu sabis sai ka fita bakin titi. Narki ya kusa kaiwa, sai wayata ta yi ƙara sau ɗaya ta katse. Farfesa ne. Ba a barin kiran Farfesa. Na ce wa Baffa minti biyu, na bar masa ƙafar keken, na fita da gudu. Farfesa ya riƙe ni a kan maganar jadawalin jarrabawa, layin yana yankewa muna sake kira, ga motar kamfen ta wani ɗan takarar kansila ta tsaya daidai kaina da lasifika. Da na dawo an kira azahar, Baffa ya riga ya zuba, ya wanke hannu yana alwala.

"Lafiya ta zubu?"

"Lafiya lau," in ji shi. Ban tsaya an fasa ƙasar ba, na wuce makaranta kan maganar jadawalin.

Da sandunan suka cika biyar na kai su ɗakin gwaji. Wanda ke kula da injinan wani dattijo ne da ya fi Farfesa daɗewa a sashen, kowa Malam yake ce masa. Muka yanka kowace sanda gunduwa-gunduwa, muka zauna jiran wutar lantarki. Kwana huɗu muna zuwa muna komawa. Ranar da aka kawo ta, muka yi ta sauri kamar masu kwashe shanya.

Injin matsa ƙarfe ba ya ƙarya. Yana danna gunduwa a hankali, allura tana nuna nauyin da ta ɗauka kafin ta ba da kai. Ta farko, marar alminiyam, taushi ne da ita, ta baje kamar ƙuli-ƙulin da bai soyu ba, ko tsaga babu. Ta biyu ta ɗan ƙara tauri. Ta huɗu ta yi tauri sosai, amma tana fara lotsawa ta tsage ta gefe. Ta biyar ko lotsawa ba ta yi ba. Ta tsaya ƙyam, allura na hawa, sai muka ji tau! ta tarwatse, wani ɓalli ya bugi gilashin Malam. Duk wannan shi ne abin da na zata: alminiyam yana ƙara ƙarfi yana cinye lanƙwasa.

Ta uku ce ba ta bi layi ba. Allura ta hau ta wuce inda ta biyu ta tsaya, ta wuce inda ta huɗu ta tsage, sannan gunduwar ta fara lotsawa a hankali, tana kumbura ta ciki kamar ganga, kuma tana lotsawa tana ƙara tauri. Muka matsa ta har ta koma kusan rabin tsawonta. Malam ya ciro ta da zafinta ya juya ta a tafin hannu, ya kai ta bakin taga. Babu tsaga. Muka sa gunduwa ta biyu daga sandar, ta yi daidai da ta farko.

Farfesa da ya ga takardar sakamakon miƙewa ya yi tsaye. Ban taɓa ganin ya miƙe don wani abu da na kawo masa ba.

"Ka san abin da ke hannunka? Ƙarfi da lanƙwasa a wuri ɗaya. Abin da kowa ke nema kenan. Je ka sake zuba ta sau uku, mu tabbatar, mu rubuta."

Na fita daga ofishin ina jin ƙafata ba ta taɓa ƙasa. A kan acaɓa, daga Ƙofar Kabuga har gida, ina ta tsara sunan takardar da za mu buga. Na gaya wa matata. Na gaya wa mahaifina. Wannan gaggawar faɗar ita ce ta fi ba ni haushi daga baya.

Na sake zuba ta uku, wannan karon ban matsa ko nan da can ba. Ta fito tsaka-tsaki, tsakanin ta biyu da ta huɗu, daidai inda hankali zai ajiye ta, ta kuma tsage da wuri. Na ce ko ma'auni ne. Na sake, haka. Na sake, haka. Na zargi nikel, na zargi gawayi, na zargi injin, har Malam ya ji haushi ya ce shekara talatin yana aiki da shi bai taɓa yi masa ƙarya ba. Wata biyu na yi a haka, ina rama. A ƙarshe na yanki ɗan guntu daga asalin sandar na ba wani abokin karatuna da ke aiki a wata masana'antar ƙarfe a wani gari, inda suke da na'urar da ke faɗin abin da ke cikin ƙarfe. Bayan mako uku ya kira ni.

"Na'urarmu an saita ta ne don baƙin ƙarfe, saboda haka kada ka yarda da yawan da ta nuna. Amma dai akwai silikon a ciki, akwai baƙin ƙarfe, da ɗan wani abu kamar maganiziyam. Kai ka sa?"

Ban sa ba.

Na sami Baffa yana shirya ƙasar zubi. Ko gaisuwar kirki ban yi ba.

"Baffa, ranar da na fita amsa waya, me aka sa a narkin nan?"

"Wace rana?"

"Rana ta uku."

Ya yi tunani, ba tunanin mai laifi ba, tunanin mai son ya taimaka. "Oho. Ranar da ya yi kauri. Ai na gaya maka ba zai gudu ba. Na jefa masa ɗan fistin."

"Fistin?"

"Na mota. Yana sa narki ya gudu. Kowa ya san wannan."

"Baffa, sau uku na ce kada a ƙara komai!"

"To in zuba maka abu mai rami-rami, ka kai makaranta, a ce daga maƙerar wa ya fito? Ai ban ƙara komai ba. Gyarawa na yi."

"Nawa ka sa?"

Ya haɗa yatsu uku ya nuna min. "Ɗan abin da hannu ya ɗebo."

"Fistin wace mota?"

Ya nuna tulin da ke kusurwa, inda fasassun fistin na bas da na tifa da na babur da na janareta suke a cakuɗe tun kafin a haife ni. Na tambaye shi yadda baƙin ƙarfe ya shiga. Ya ce sandar gawayin da na kawo don juyawa gajera ce, tana ƙona hannu, sai ya juya da rodi, kuma ya lura bakin rodin ya ɗan cinye. Na tambaya ko akwai wani abu kuma. Ya ce babu. Can ya ce, sai dai da ya ga na daɗe, bai fasa ƙasar ba, ya tura ta gefen wuta don kada ta huce kafin in dawo in gani. Har yaushe? Har bayan la'asar, ko kafin la'asar, bai riƙe ba.

A nan na yi abin da ban taɓa yi ba. Na ɗaga wa Baffa murya a cikin maƙerarsa, mai ɗinki yana ji, masu wucewa suna ji. Na ce ya ɓata min wata biyu, na ce saboda irin wannan ne aikinmu ba ya ci gaba, kowa da ɗan abin da hannunsa ya ɗebo. Ya bar ni na gama. Sannan ya ce, "Wacce ta fi kyau a cikin biyar ɗin?"

Na sunkuyar da kai.

"Na ji an ce ta ukun ce. Mahaifinka ya gaya min." Ya koma kan ƙasarsa.

Washegari bayan sallar asuba mahaifina ya kira ni zaure. Bai tambaye ni yadda aka yi ba, domin labarin ya riga ni zuwa. Ya ce ko ƙarfen zinariya Baffa ya ɓata min, yayansa ne, kuma shi bai haifi ɗan da zai yi wa yayansa tsawa a bainar jama'a ba. Na sayi goro na tafi. Na durƙusa a bakin rumfar na ce na tuba. Baffa ya karɓi goron ya ce Allah ya yi albarka, maganar ta wuce, babu komai. Sai ya ƙara da cewa shi ma ya yafe min hayaƙin da na sa shi ya shaƙa ranar farko. Ban ji ya ce shi ma ya yi kuskure ba, kuma har yau ban ji ba.

Da na gaya wa Farfesa, ya cire gilashi ya daɗe yana murza ido.

"To ai shi kenan," ya ce. "Ka gano nawa ya sa."

Haka muka shiga neman sanda ta uku, ni da mutumin da ya yi ta. Na ware fistin ɗin tulin nan iri-iri, na bas daban, na babur daban. Na ce Baffa ya ɗebo kamar yadda ya ɗebo ran nan, in auna. Ya ɗebo sau goma, na auna sau goma, babu biyu da suka zo daidai, na farko ya kusa ninka na bakwai. Na ce wanne ne ya fi kama da na ranar? Ya ce duk ɗaya ne a wurinsa, narkin ne ke faɗa wa hannu. Na ce to me narkin ya faɗa ran nan? Ya ce ai ba ya nan yanzu balle a tambaye shi.

Duk Asabar muke zubi. Wata sandar ta fito da tauri ta fashe, wata ta fito da taushi. Sau ɗaya wata ta matso kusa, na yi murna, muka maimaita ta daidai da daidai mako na gaba, ta ƙi. Na fara gane cewa ba abin da aka zuba kaɗai ba ne. Yadda ta huce ma yana da hannu, domin a zaman da ta yi gefen wuta wasu ƙananan ƙwayoyi za su iya tsirowa a cikinta su tare zamewar ba tare da sun sa ta gautsi ba. Amma wannan zato ne. Madubin ƙara girman da zai nuna min su babu shi a sashenmu, babu a garin, kuma wasiƙun da Farfesa ya aika ƙasar waje ɗaya ce aka amsa, aka ce a aiko da samfur da cikakken bayanin yadda aka haɗa shi. Na zauna da biro a gaban wannan layin na cikakken bayani na fi awa.

Ita kuwa asalin sandar kullum raguwa take. Kowane gwaji yana cin gunduwa. Ta koma kamar tsawon ɗan yatsa, sannan kamar gaɓa ɗaya. Nikel ma ya kusa ƙarewa, kuma masana'antar da na samo shi an sayar da ita an mai da ita sito.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne Baffa ya fi ni jin daɗin aikin. Mutumin da ya ce gida babu babba, yanzu shi ke jirana ran Asabar da shawarwari. Ya fara gane sandunan da kunne: ya rataya sanda da zare ya ƙwanƙwasa, ya ce wannan za ta fashe, kuma ta fashe. A majalisar ƙofar masallaci yana ba da labari cewa jami'a ta kawo masa aikin da ya gagare ta, ya yi musu sau ɗaya, sun kasa maimaitawa. In na zo wucewa sai dattawan su ce, "Injiniya, an gano kuwa?" Ba zan iya cewa ƙarya yake ba.

Bayan shekara Farfesa ya ce ya isa. Na rubuta kundina a kan sandunan da na san abin da ke cikinsu: yadda ƙarin alminiyam ke ɗaga ƙarfi mataki-mataki, da daidai inda lanƙwasa ke faɗuwa. Aiki ne mai tsabta, ba mai tayar da kowa daga kujera ba. Sanda ta uku ta sami sakin layi ɗaya a babi na ƙarshe, a ƙarƙashin abubuwan da ke buƙatar ƙarin bincike. Ranar kare kundin, malamin da aka gayyato daga wata jami'a ya wuce babi huɗu, ya zo daidai wannan sakin layin ya sa yatsa.

"Wannan fa? Me ya sa ba ka bi ta ba? Ai nan aikin yake."

Na ce an sami gurɓacewar samfur a wurin zubi. Ya ce wane irin sakaci ne wannan, a matakin digiri na uku mutum bai san abin da ya shiga tukunyarsa ba? Na ce haka ne, ranka ya daɗe. Farfesa yana kallon silin. Aka ba ni digirin da gyare-gyare.

Bayan nan da kamar wata biyar, ana sunan jikar Baffa, muna zaune a kan tabarma ana raba waina, sai ya dafa gwiwata.

"Injiniya, na tuna. Ran nan ba daga tulin nan na ɗauka ba. Wani mai injin markaɗe ne ya kawo min fistin ɗinsa in duba, ya fashe, na ajiye a kan bango. Shi na gutsura."

Na ajiye wainar. "Ragowar tana ina?"

"Tana nan. Ina jin tana nan."

Ranar Asabar muka kwashe rabin maƙerar kafin muka same ta a bayan wata tsohuwar tukunya. Da ɗan nikel ɗin da ya rage, wanda bai fi na zubi ɗaya ba, muka haɗa komai. Ya gutsura da hannunsa, ya juya da rodi, na fita bakin titi na tsaya kamar yadda na tsaya ran nan don kada tsayuwata a kansa ta canja masa hannu, muka bar ƙasar a gefen wuta har la'asar. Ran Talata aka kawo wuta, Malam ya sa gunduwar a inji. Ta ɗauki nauyi mai kyau, ta fara lotsawa, sannan ta tsage ta gefe.

Da yamma na biya ta maƙera na gaya wa Baffa. Yana tsugune yana daidaita ƙasar wata farfelar famfon ruwa da za a zo karɓa da safe.

"To ba shi ba ne kenan," ya ce. "Miƙo min awartakin can."

Na miƙa masa.